Tayil Mai Sallama

Litinin, da hantsi

'Yata Auta ta bugo waya. Za su zo! Ita da Ƙawata, ƙarshen watan nan, kuma za su daɗe, don an tura mijinta kwas. Ƙawata jikata ce, ni na sa mata sunan tun tana cikin tsumma. Auta ta ce ta fara rarrafe, ba ta zama wuri ɗaya, wai jiya a ƙarƙashin tebur aka tsinto ta tana cin takalmin ubanta. Na yi dariya har na zauna a kan buhun shinkafa.

Da na ajiye wayar na tashi in share falo, sai tayil ɗin nan na gaban kujera ya sake yanka ni a ɗan yatsa. Bakinsa ya ɗago kamar murfin tukunya. Na tsaya ina kallon jinin, ina tuna gwiwoyin yarinyar nan.

Gidan ko shekara bai cika ba. Kamfani ne ya gina shi tare da sauran na layin, fenti ɗaya, ƙofa iri ɗaya. Ranar da aka ba mu makulli, maigidana ya ce, "Kwandasta, riƙe wannan a ranki. Shekara guda duk abin da ya lalace su za su gyara. Garanti ake ce masa." Haka yake kirana, ni kuma in ce masa Direba, don duk ƙuruciyarsa a kan babbar mota ta ƙare. To shekarar ƙarshen watan nan za ta cika. Shi ne mai shiga ofis-ofis, ni ban taɓa ba. Amma gobe zan je. Na ma goge mayafina.

Litinin, da yamma

Na sayo 'yar katifa mai zanen kifaye. Kifi ɗaya idonsa a karkace yake, shi ya sa na zaɓe ta.

Talata, bayan azahar

Na je, kuma na yi magana! Maƙwabciyata Mai-ɗinki ce ta raka ni. Ita bakinta ba ya gajiya, tun a mota take koya mini abin da zan ce.

Ofishin sanyi kamar cikin firji. Manajan ya ba mu kujera, yana ta murmushi.

"Mama, tayil ai ba ya tashi da kansa. Ko kuna yawan zuba masa ruwa?"

Mai-ɗinki ta ce, "A'a, ranka ya daɗe, da man shanu muke wanke shi."

Na taka mata ƙafa. Na ce masa ni dai jikata za ta zo, kuma tana rarrafe. Ya duba kwamfuta ya ce sunan da ke kan gidan na namiji ne, ko mai gidan zai iya zuwa da kansa? Na kalli fankar da ke sama. Mai-ɗinki ta sunkuya ta faɗa masa wani abu a hankali. Murmushin ya ɗauke. Ya ce za a turo injiniya ranar Alhamis.

Injiniya guda, saboda ni! Da muka fito na saya mana lemo mai sanyi, muka sha a tsaye kamar 'yan makaranta.

Laraba, da safe

Na wanke labule. Na wanke wanda ma bai yi datti ba.

A ƙaramin ɗaki nake kwana yanzu. Auta ta tambaye ni su ina za su sauka, na ce ai ɗakin zai ɗauke mu mu uku, in muka tura durowa gefe.

Laraba, da la'asar

Wani abu ya fashe a ɗakin can na ƙarshe, kamar an saki faranti. Ban duba ba. Wataƙila daga maƙwabta ne.

Alhamis, da yamma

Kai, yau na ga abu! Injiniyar ashe mace ce, yarinya, ba za ta girmi Auta ba. Ta zo da hular kwano da wata 'yar guduma kamar ta wasan yara. Ta cire takalmi a bakin ƙofa tun kafin in ce komai, nan take ta shiga raina.

Ta durƙusa tana buga tayil ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce tas, wani ya ce ƙwam. Ta ce mai cewa ƙwam ɗin babu komai a ƙarƙashinsa, siminti ya rabu da shi.

Na ce, "'Yata, ai ni na san wannan kiɗan!"

Na ruga bayan ƙofa na ɗauko sandar Direba. Tun da ƙafarsa ta fara ba shi wahala da ita yake yawo a gidan. Da akwai roba a ƙasanta, sai ta ɓace, muka neme ta muka gaji, ƙarfen ya zauna tsirara. Ina kicin ina jin sa: tas, tas, ƙwam, tas, ƙwam, ƙwam. Ko ban leƙo ba na san ya kai wajen talabijin, na san ya juya zai fita baranda. Na nuna mata hanyar gaba ɗaya, ina tafe ina bugawa, tana bina tana sa alli a kan masu ƙwam. Har dariya ta yi, ta ce, "Mama, ke ya kamata a ba gudumar nan."

Na nuna mata na bakin ƙofar ɗakin can ma. Shi ya fi kowanne murya. Direba ya sa masa suna mai sallama, wai duk wanda zai shiga sai ya yi masa iso.

Ta ce to mu shiga ciki. Na ce kaya ne a jibge, ba wurin taka ƙafa. Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce ba komai, abin da ta gani ya isa ta rubuta.

Na cika ta da gyaɗa a leda. Allah ya yi mata albarka. Ina ji a jikina gyara ya zo.

Asabar, da hantsi

Na sayo kwanon roba mai kunne biyu da ɗan cokali. Na gwada cokalin a bakina in ji ko yana da kaifi. Mai shagon ya ga lokacin da na yi, ya kau da kai.

Litinin, da azahar

Ba za su gyara ba.

Litinin, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta sauka.

Manajan ne ya kira. Ya ce sun duba rahoton injiniya. Ya ce an tabbatar akwai wanda ya daɗe yana yawo a kan tayil ɗin da sanda mai bakin ƙarfe, kuma wannan ɓarnar mai gida ce, garanti bai shafe ta ba. Ya ce ni da bakina na faɗa.

Da bakina na faɗa, gaskiya ne. Da murnata ma.

Mutumin da ya rame har zobe yake zame masa a yatsa, shi ne zai fasa musu daɓe? Mutumin da in ya sha ruwa sai ya wanke kofin? Shekara da shekaru yana kwana a kan hanya don ya ajiye ni a gidan da ba mai buga mana ƙofa ya ce a tashi. Shi ne yau aka rubuta a takarda wai ya ɓata gidansa.

Ban yi girki ba. Mai-ɗinki ta aiko da abinci, na rufe shi.

Talata, da safe

Na mayar da sandar bayan ƙofa. Na ce mata ta yi haƙuri. Sanda fa.

Laraba, bayan la'asar

Injiniya ta zo, ba hula, ba guduma, a kan hanyarta ta komawa gida. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ni.

"Mama, wallahi na rubuta cewa cikon ƙasan gidan ne ba a daɓe shi da kyau ba, yana zama, shi ke tayar da tayil. Maganar sanda layi ɗaya ce. Ita suka ɗauka."

Na ce to me ya kai ki rubutawa?

Ta ce, "Daɗi ta yi mini." Sai ta sunkuyar da kai. Na rasa yadda zan yi fushi da ita.

Mai-ɗinki ta shigo da tef a wuya ta ce, "To 'yar boko, kin ɗinka mana riga ba wuya, sai ki farke."

Injiniya ta ce hanya ɗaya ce. A nuna musu wurin da sandar ba ta taɓa takawa ba, amma tayil ya tashi. In aka samu, ba su da ta cewa, dole su fasa daɓen gidan duka su sake. Amma sai kafin wata ya ƙare.

Muka shiga nema kamar masu neman ɗan kunne. Bayan kujera lafiya lau. Ƙarƙashin firji lafiya lau. Mai-ɗinki ta ce kicin fa, ai maza ba sa shiga. Na ce wannan yana shiga, kullum sai ya zo ɗanɗana miya ya ce gishiri bai ji ba. Muka yi dariya. Babu inda Direba bai taka ba a gidan nan, yana son sa kamar me.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura takalmi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ƙarƙashin gado ma wuri ne, Mama."

Na ce ta gaida gida.

Alhamis, da hantsi

Na jera tukwane daga babba zuwa ƙarama. Na sake jera su daga ƙarama zuwa babba.

Ai za a iya shimfiɗa darduma mai kauri a falo. Yara nawa suka girma a kan darduma.

Juma'a, da yamma

Auta ta kira. Muna cikin hirar abin da za ta taho da shi sai ta ce, "Mama, kin buɗe ɗakin Baba kuwa?" Na ce layin ba kyau, ba na jin ta.

Gadon yana nan yadda yake. Ni na gyara shi da hannuna ranar, bayan mutane sun watse, na ja ƙofar. Filon ma ban kaɗe ba.

Asabar, da safe

Na shimfiɗa dardumar. Bakin tayil ɗin ya turo ta sama kamar ƙurji.

Asabar, da la'asar

Auta ta turo bidiyo! Wayyo, yarinyar nan ba rarrafe take ba, gudu take. Gwiwa ɗaya a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, kamar mota mai taya uku. Ta nufi ƙofa, uwar ta dawo da ita, ta sake nufa, tana ihu. Na kalla na sake kalla har waya ta yi zafi. Na kai wa Mai-ɗinki, ta ce, "Wannan ai jinin direbobi ce, ba ta san birki ba."

Goshin Direba ne da ita. Ban taɓa lura ba sai yau.

Wannan ba darduma ce za ta tsare ta ba. Kuma ba ƙofar da za ta gani a rufe ta ƙyale.

Na kira Injiniya. Na ce ta zo ranar Litinin, ta taho da Manajan, ya zo da idonsa. Da na ajiye wayar, wallahi wani irin ƙarfi nake ji, kamar in share layin nan gaba ɗaya.

Lahadi, da azahar

Makullin ɗakin can yana cikin gwangwanin allura. Na san yana nan. Na dai duba ne.

Litinin, da yamma

An yi! An yi, an gama, za su gyara! Bari in bi a hankali.

Sun zo da hantsi, Manaja da Injiniya da leburori biyu. Mai-ɗinki ta rufe shagonta ta zo, wai ba za a yi wannan ba ita. Manajan ya tsaya a falo yana kallon allin da ke ƙasa, ya ce, "Mama, kin san dai mun riga mun yi bayani."

Na ce, "Zo ka ga inda bai taka ba."

Na taka mai sallama, ya ce ƙwam. Na buɗe.

Ƙamshin man da nake shafa masa a ƙafa ne ya fara tare ni. Hularsa tana kan ƙusa. Ban kalli filon ba. Na wuce na buɗe taga, don ɗakin ya yi duhu, kuma don in samu abin yi.

Leburorin suka kama gadon. Na ce su dakata, ni zan kama gefen kai. Ɗaya ya ce, "Mama, da nauyi fa." Na ce na san nauyinsa. Mai-ɗinki ta kama tare da ni.

Muka ja shi gefe.

Tayil ɗin ƙarƙashi ya tashi layi guda tun daga bango, biyu-biyu sun jingina da juna kamar rufin ɗaki, wasu sun fashe. Ƙarar da na ji ranar nan ke nan. Injiniya ta ɗaga guda ɗaya, ta zura hannu a ramin har wuyan hannu. Ta matsa wa Manajan ya gani.

Mai-ɗinki ta samu bakinta. "Ranka ya daɗe, ko nan ma shiga yake da sandar, ya kwanta yana bugawa?"

Manajan ya durƙusa da wandonsa mai guga. Ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe ya ce, "Mama, a yi haƙuri. Ba laifinsa ba ne. Za a fara jibi."

Na ce ya sake faɗa. Ya ce za a fara jibi. Na ce ba wannan ba, na farkon. Ya sake faɗa, a gaban kowa.

Can jikin bango, cikin ƙura, Injiniya ta tsinci wani abu baƙi. Robar sandar ce. Ashe nan ta gangara. Ta goge ta da gefen rigarta ta sa mini a hannu ta rufe yatsuna a kai.

Bayan sun tafi na zauna a bakin gadon. Ban san iya lokacin da na yi ba. Da na fito na dafa abinci, na ci, har na ƙara.

Laraba, da azahar

Gidan ya zama kasuwa! An fitar da kaya baranda, ƙura ko'ina, ana fasawa ana kwashewa a baro. Sun kawo wani inji mai tsalle yana daɓe ƙasa, har kofuna suna rawa a gidan Mai-ɗinki. Ta leƙo ta katanga ta ce in ɗinkinta ya karkace ni zan sa rigar.

Mai tayil ɗin dattijo ne mai son hira. Na roƙe shi abu ɗaya, ya cire mini na bakin ƙofar can ba tare da ya fashe ba. Ya ce, "Hajiya, sabo fa za a sa miki, mai kyau." Na ce na sani. Ya bi shi a hankali da bakin cokalin gini, ya miƙo mini shi lafiya lau.

Laraba, da yamma

Na ajiye shi a kan taga na buga da sandar. Tas kawai ya ce. Na sa shi a ƙasa, na sa shi a kan tebur, duk ɗaya. Ashe ba tayil ɗin ke magana ba, ramin da ke ƙarƙashinsa ne.

Na dai ajiye shi.

Asabar, da safe

A gidan Mai-ɗinki nake kwana kafin siminti ya sha iska. Tana minshari. Ta ce ni ce nake yi.

Talata, da la'asar

Sun gama. Injiniya ta zo da gudumarta, ta miƙo mini ta ce in gwada da kaina. Na ce ina da tawa. Na bi gidan da sandar tun daga baranda har ɗakin ƙarshe. Tas, tas, tas, ko'ina murya ɗaya. Aiki ya yi kyau. Na tsaya a tsakiyar falo na ce aiki ya yi kyau, sai hawaye, ita ma sai hawaye, muka tsaya kamar wasu sakarkaru a kan sabon tayil.

Na mayar wa sandar robarta.

Na wanke zanen gadon da rigar filon. Na shanya su a rana. Katifa mai kifaye ta shiga daidai tsakanin gadon da bango, kamar an auna.

Alhamis, da yamma

Sun iso! Ƙawata ta yi ƙiba, ta yi haƙora biyu, ta ƙi ni da farko, ta ja mini mayafi daga baya. Auta ta rame, zan gyara ta.

Ana ajiye Ƙawata a ƙasa ta kama hanya. Ta ratsa falo, ta wuce talabijin, gwiwa ɗaya a ƙasa ƙafa ɗaya a miƙe, tafin hannunta yana faɗa wa tayil ɗin fat, fat, fat. Ina kicin na ji ta, na san inda ta kai. Auta ta tashi za ta kamo ta, sai ta ga ƙofar can a buɗe. Ta tsaya. Ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Ƙyale ta. Can za ku kwana."

Ƙawata ta shige ba ko sallama.

Allah ya jiƙan Direba. Yau na iya rubutawa.